Firmin da Karkatacciyar Ƙofa

Ni ne mai askin Peyrelac, sunana Norbert, kuma babu kan da bai taɓa sunkuya mini ba a ƙauyen nan, har na limamin coci. Abu ɗaya ne ya gagare ni, shi ne gashin bakin Firmin Chastenet. Benci ɗaya muka zauna da shi a makaranta, kuma tun ranar da gashin ya fara tsirowa ya rantse ƙarfe ba zai taɓa shi ba. Yakan zo in rage masa suma, amma sai ya rufe baki da tafin hannu har in gama. Gashi ne baƙi wuluk, murɗaɗɗe hagu da dama kamar ƙahon rago, yana shan mai fiye da yadda matarsa Solange take sha. In na ce ba ya ba ni haushi na yi ƙarya.

Firmin ke riƙe da mabuɗin tsohuwar fadarmu, shi ke zagayawa da baƙi masu zuwa kallo. Gidajenmu duk a cikin ganuwar fadar suke, kuma ƙofa ɗaya ce mota ke iya bi, wani dogon zaure na dutse da ya yi kwana a tsakiya. A nan yake tsayar da baƙi, ya murɗa gashin baki, ya ce kakanninsa ne suka gina ƙofar a karkace da gangan, don duk maƙiyin da ya ɗauko dogon gungume zai fasa gari, gungumen ya maƙale masa a kwana. Mun ji wannan magana har mun haddace, akun gidan burodi ma ya iya rabinta. Daga nan sai ya nuna musu kan wani tsohon basarake da aka sassaƙa a saman ƙofar, ya tsaya a ƙarƙashinsa ya ce su duba kama. Basaraken dai gashin bakinsa na hagu ya daɗe da gutsurewa, amma Firmin cewa yake wannan aikin ruwan sama ne.

Ana nan sai zaɓen kansiloli ya zo. Magajiyar garinmu, Madam Huguette, mutum ɗaya ya rage mata ta cika 'yan takararta. Ta bi gida gida, kowa ya ce aiki ya yi masa yawa. Firmin ne kaɗai bai jira an tambaye shi ba. Da yake babu mai hamayya, ya ci, duk da cewa Solange da kanta ta ƙi faɗa wa kowa wanda ta zaɓa. Washegari ya fara gaishe mu da ɗaga yatsu biyu kawai.

A wurinmu duk wanda ya ci zaɓe, idan watan Mayu ya kama, maƙwabta kan shiga daji su saro masa miƙaƙƙen itacen pin, wani dogon itace mai ƙaro, su sassabe rassan su bar tuntu a ƙoli, su ɗaura tuta da allon girmamawa, su kafa masa a ƙofar gida. Shi kuwa aikinsa ya zauna a gida ya cika tebura da ci da sha. Ba ya zaɓen itacen, ba ya ko tambayar tsawonsa, sai dai ya fito ya yi godiya idan an kawo.

A shagona rigimar ta tashi. Madam Huguette tana zaune ina gyara mata gashi, Firmin yana jiran layi, sai Gaspard mai tarakta ya leƙo. Shi ke jawo itatuwan kowane zaɓe, kuma bakinsa ba shi da linzami. Ya cire hula ya rusuna, ya ce wa Firmin ransa ya daɗe, kada ya damu, za su samo masa itace daidai tsawon ƙuri'unsa, zai ma iya kawo shi a aljihu.

Firmin ya miƙe, gashin bakinsa na rawa. Ya ce shi jinin masu fadar nan ne, ba za a kafa masa tsinken sakace a ƙofar gida ba. Ya nuna hasumiyar fada ta taga, ya ce itacensa sai ya ɗara waccan, kowa ya ɗaga kai ya ga tutarsa a samanta.

Na ajiye almakashi na ce, "In bai ɗara ba fa?"

"In bai ɗara ba, ka kawo kujerarka tsakiyar fili ka aske wannan, a gaban kowa." Ya shafa gashin bakin da hannu biyu.

Madam Huguette ta ce ta ji, kuma ta shaida. Ni kuwa a ranar na fito da askar mahaifina mai marfin ƙashi, na fara wasa ta. Rabona da jin daɗi irin wannan tun ranar aurena.

Ranar Asabar ɗin da aka sa, mun taru da safe za mu tafi daji, sai ga Firmin a kan kekensa, sanye da kwat ɗin zuwa coci, da igiyar awo a wuya. Aka ce masa ya koma gida, kansila ba ya zuwa daji. Ya ce wannan dokar ƙananan kansiloli ce. Solange ta leƙo ta taga da ludayi a hannu ta ce ya dawo ya fere mata dankali, ya yi kamar iska ce ke magana.

A daji Gaspard ya nuna wani itace madaidaici, kyakkyawa. Firmin ya ce wannan ai sandar makiyayi ce. Ya ratsa da mu ƙaya da kwazazzabai har gaban wani tsohon pin da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensa. Gaspard ya kewaya shi, ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa. Ya dube ni, ya dubi gashin bakin Firmin, sai ya rufe bakinsa ya tayar da injin zarto.

Firmin ya ce shi zai faɗi inda itacen zai kwanta, don ya san iskar dajin nan tun yana goye. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce gabas. Ya kwashe mu duka zuwa yamma, ya jingina kekensa can gefe inda ya ce ko ganye ba zai faɗa ba. Mu dai mun san shi, muka sulale zuwa kudu. Itacen ya yi ƙara, ya yi ɗan tunani, ya kwanta yamma. Firmin ya sha da ƙyar, amma keken ya koma faifai. Ya kakkaɓe kwat ya ce dama ya gaji da keken, kansila bai kamata a gan shi yana tuƙa feda ba.

Tirela ɗaya ba ta ɗauki ko rabin itacen ba, sai da aka aro amalanke aka ɗaure a baya. Firmin ya hau kan gungumen ya zauna kamar mai doki, yana ba Gaspard umarni. A kwanar farko tuntun itacen ya share allon sunan gari. A ta biyu ya shiga garken dinyar maƙwabcinmu Célestin, dinya suka biyo mu da ihu, Célestin ya biyo dinya da zagi. A hawan ƙarshe, gab da ganuwa, tuntun ya ratsa ta lambun tsohuwa Berthe ya tafi da igiyar shanyarta gaba ɗaya. Haka muka iso ƙofar gari da tutar ƙasa a gefe guda, dogon wandon barcin Berthe a gefe guda, ita kuma tana biye da sandarta tana kiran sunan uwar Firmin da ta kakarsa.

A bakin ƙofa muka tarar da motar baƙi cike, sun sauko suna jiran mai zagayawa da su. Firmin ya ga jama'a, sai kansa ya ƙara girma. Ya tsaya a kan gungumen ya yi musu maraba, ya ce yau za su ga abin da ba a taɓa gani ba tun da aka gina fadar nan.

Berthe ta iso tana haki. Ta ciro wandonta daga reshe, ta dubi itacen daga gindi har ƙoli, ta dubi zauren ƙofa. Sai ta ɗora yatsa a ƙarƙashin hanci, ta kumbura murya ta ce, "Kakannina ne suka gina ta a karkace da gangan, don duk maƙiyin da ya ɗauko dogon gungume…"

Mutanen gari suka ƙarasa mata baki ɗaya, kamar 'yan makaranta.

Amma nan take Firmin ya ce, "Inna Berthe, wannan ai maƙiyi aka ce. Ni ɗan gida ne, ƙofa ta san ni. Gaspard, taka!"

Gaspard ya taka. Tarakta ta shiga zaure, ta sha kwana, ta fito cikin gari lafiya lau. Gindin itacen ya biyo ta, ya iso kwana, ya tokari bango ya tsaya. Firmin ya ce a ƙara wuta. Aka ƙara, itacen ya yi wata ƙara mai ban tausayi, ya cije tsakanin bango da bango. Ya ce to a ja baya. Baya ma ta ƙi. Baƙi suka yi ta tafi suna ɗaukar hoto, sun ɗauka wasan tarihi ne aka shirya musu, har wata mata ta tambaye ni ko kowace Asabar ake yi.

Gari ya rabu biyu. Motar burodi tana waje, masu busa da ganga suna waje, mai kai wasiƙu yana waje, limamin coci yana ciki kuma ana jiransa ɗaurin aure a ƙauyen gaba. Wanda zai wuce sai ya yi rarrafe ta ƙarƙashin gungume. Limamin ya tattare rigarsa ya yi rarrafen, ya fito da ƙaro a gwiwa, ya dubi Firmin ya ce zai sa shi a addu'a, da wata murya da ba ta yi kama da ta addu'a ba.

Firmin ya ce abin ba wuya, santsi kawai ake bukata. Ya kutsa ciki, ba a jima ba ya dawo rungume da babbar tukunyar kitsen agwagwa, wadda Solange ta tara tun hunturu don soya dankalin biki. Ya tuɓe kwat ya shafe bango, ya shafe gungume, ya shafe ƙasa don ƙarin albarka. Ya tara maza a baya ya ce idan ya ƙirga a tura. Aka tura. Itacen bai motsa ba, mu ne muka motsa. Gaspard ya zame ya ɗauke ƙafafun Célestin, Célestin ya riƙo ni, na riƙo wani baƙo mai gajeren wando, muka zube a zaure. Kafin mu tashi karnukan gari sun ji ƙanshi, suka cika ƙofar suna lasar tarihi.

Solange ta iso ta ɓangaren ciki, ta tsaya ta dubi tukunyarta da aka kife. Ba ta ɗaga murya ba, kuma duk wanda ya san Solange ya san wannan ya fi muni.

"Firmin, da me zan soya dankali?"

"Uwargida, ana maganar girman gida kina maganar dankali?"

"Girman gidan ne za su ci da rana?"

Ya ce ta yi haƙuri, dabara ta zo masa. Dutse ɗaya ne a kusurwar kwana ya hana ruwa gudu, a ba shi guduma da kurfi ya cire shi, gobe ya mayar. Madam Huguette, wadda tun ɗazu take tsaye da ɗamarar magajiya a kafaɗa don bikin, ta ce duk wanda ya taɓa dutse ɗaya a ƙofar nan, hukumar kula da kayan tarihi ba za ta same shi da rai ba, don ita za ta riga su. Ta ce rana ta take, mutane na jin yunwa, a kawo zarto.

Firmin ya rungume itacen ya ce sai dai a yanka da shi. Da ya ga Gaspard ya tayar da inji ba tare da musu ba, ya saki, ya ce to a rage kaɗan daga gindi, dama ya saro shi da rara. Aka yanke abin da ya shiga kwana, aka ja, sabon gindin ya iso kwana ya cije. Aka sake yankewa. Duk yanka sai Firmin ya ja baya ya kanne ido ɗaya, ya auna da babban yatsa, ya ce har yanzu ya fi hasumiya. Ƙofa dai ta yi ta cin itacen gaɓa gaɓa kamar mai shan rake, maƙwabta kuma suna ta mirgina guntaye zuwa gida. Berthe ta ce biyu nata ne, kuɗin wanki. Wajen tsakiya an kai inda itacen zai iya shan kwana, amma Firmin ya ce shi zai ja tarakta da kansa a wuce da sauran cikin mutunci. Ya ja da ƙarfi, sauran ya daki bango ya tsage tsawonsa. Da aka gama tsince abin da zai tsintu, tuntun ƙoli ne kawai ya rage, da tuta da allo, tsawonsa bai wuce ƙirjin Firmin ba.

Na je shago na ɗauko kujera na dasa a tsakiyar fili, na ɗauko tawul da kwanon kumfa, na buɗe askar mahaifina. Masu busa suka shigo suka kewaye kujerar. Gaspard ya rusuna ya ce kansila ya taso, ransa ya daɗe, an shirya.

Firmin ya dubi aska, ya dubi tuntun, ya ɗaga kai ya dubi hasumiya. Sai kawai ya sungumi tuntun ya zura da gudu. Kafin mu gane inda ya dosa ya buɗe ƙofar hasumiya da mabuɗinsa ya shige. Matakalar ciki ta dutse ce, amma hawa na ƙarshe tsani ne a miƙe, sai da hannu biyu. Daga baya ya gaya mini yadda ya yi: ya rungume tuntun da haɓa da kafaɗa, ya manna kumatunsa na hagu a jikin itacen, ya hau. Itacen kuwa ɗanye ne, ya sha sassaba, ya wuni a rana, ƙaro sai tsatsowa yake ta ko'ina.

Can sai ga shi a ƙolin hasumiya, tuta na kaɗawa a saman kansa. Ya yi ihu ya ce kowa ya ɗaga kai ya faɗi gaskiya, itacensa ya ɗara hasumiya ko bai ɗara ba?

Fili ya kaure da gardama. Na ce wannan zamba ce, a ƙofar gida ake kafa itace. Célestin ya ce ai Firmin ya fi kwana a fada bisa gidansa. Solange ta ce wannan gaskiya ne. Madam Huguette ta sa hannu ta kare rana, ta duba, sannan ta ce abin da ta shaida a shago shi ne tuta a saman hasumiya, ga kuma tuta a saman hasumiya. Ta ce in naɗe tawul ɗina. Wallahi sai da idona ya ciko, na zauna a kujerar da kaina.

Firmin ya fara jawabin godiya daga sama. Amma mun lura yana magana da kai a karkace, kuma bai sauke itacen daga fuskarsa ba. Berthe ta ce ji yadda yake son abin nan, ko Solange bai taɓa runguma haka ba. Sai muka ga ya ja itacen, kansa ya bi. Ya sake ja, ya yi wata 'yar ƙara. Iska kuma ta taso, ta cika tuta, ta fara jansa zuwa bakin katanga, shi da itacen suna rawa kamar sababbin ma'aurata. Jawabi ya tsaya.

"Norbert! Ɗan'uwana! Hawo!"

Na hau, Solange na biye da ni. Muka same shi ya maƙale ƙafa ɗaya a jikin tsani, gashin bakinsa na hagu ya nutse cikin ƙaro tun daga tushe, ya naɗe a reshe. Na riƙe itacen, iska tana neman ɗaga mu mu biyu. Firmin ya ce ta gefen baki a kawo kitse, kowa ya san kitse na narkar da ƙaro.

Solange ta naɗe hannu ta ce, "Kitse? Yana ƙofar gari, maigida. Sauka ka tambayi karnuka."

Iska ta sake bugowa, allon girmamawa ya kwaɗe shi a kunne. Ya rufe ido ya ce in yanka, amma don Allah kada in wuce inda ya kama. Na ciro almakashi daga aljihu. Tun muna samari nake jiran wannan rana, amma da na kama gashin sai na ji tausayinsa ya kama ni kamar ba ni na wasa aska ba. Na yanka a hankali. Gashin ya tafi da itacen, muka ɗaure shi a jikin katanga, yana kaɗawa a ƙarƙashin tuta.

Na ce ya bari in daidaita masa ɗaya gefen, haka nan ba ya ganuwa. Ya rufe na dama da tafin hannu ya ce in kiyaye shi, ai shi ya ci gardamar.

Haka ya sauko fili da rabin gashin baki. Da farko kowa ya danne dariya. Sai mai ganga ya kasa daurewa, daga nan kowa ya ɓarke, Madam Huguette har da zama a kujerata tana share hawaye da ɗamara. Muka ci dafaffen dankali ba mai, muka sha ruwan inabin Firmin har ƙasan ganga, shi kuma yana zuba mana yana ba mu gefen dama.

Na ɗauka zai ɓuya a gida sai gashin ya tsiro. Washegari da hantsi ina share ƙofar shago sai na jiyo muryarsa a zauren ƙofa, da sababbin baƙi kewaye da shi. Yana gaya musu cewa jiya da kansa ya gwada ƙofar kakanninsa da gungume mafi girma a lardin nan, don ya tabbatar ba ta tsufa ba, kuma ko gaɓa ɗaya ba ta bari ya wuce ba. Sannan ya ja su ƙarƙashin basaraken dutse mai gutsurarren gashin baki, ya gyara tsayuwa, ya murɗa na dama, ya ce yanzu su duba kama da kyau. Baƙi suka duba sama, suka duba ƙasa, suka yi ta mamaki suna ɗaukar hoto.

Tun daga ranar bai bar na hagun ya tsiro ba. Duk Asabar yana zuwa shagona in aske masa shi tas, tafin hannunsa a kan na dama har in gama.